Da ECOWAS ta kai wa Nijar yaƙi a 2023, da doka ta goyi bayanta?

Ɗan Illela:
Assalamu alaikum. Albasa nake fatauci tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, kuma har gobe in zancen nan ya taso a majalisarmu sai an kaure da musu. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda, daga baya ta ce dakarun ko-ta-kwana su ɗaura ɗamara. Wani abokina ya kafe cewa tunda Nijar 'yar ƙungiya ce a lokacin, shiga da ƙarfi halas ne. Masana, ina gaskiya take?

Lauyan Gusau:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya yi gaggawa. Sashe na 2(4) na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana ƙasa far wa wata, ya ma hana yi mata barazana. Ƙofa biyu aka bari: kare kai idan an kawo maka hari, wato sashe na 51, ko izinin Kwamitin Sulhu. Nijar ba ta taɓa kowa ba. Sashe na 53 kuma ya ce ƙungiyar yanki ba ta tilasta wa ƙasa da makami sai kwamitin ya amince, kuma bai amince ba.

Bakatsine:
To Gambiya fa, Barista? A 2017 sojojin Senegal sun tsallaka iyaka, Shugaba Jammeh da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, ba wanda ya ce uffan.

Lauyan Gusau:
Can an riga an rantsar da Adama Barrow, wanda ya ci zaɓen, a matsayin shugaban ƙasa a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, shi ya gayyace su. Ko ƙudurin kwamitin mai lamba 2337 cewa ya yi a fara bin hanyar siyasa. Gayyatar ce hujjarsu. Shi kuwa Bazoum yana tsare, mulki na hannun Janar Tchiani. A nan malaman doka suka rabu: wa ke da ikon gayyato sojan waje, zaɓaɓɓen da aka tsare, ko wanda ke riƙe da gari? Ni dai a ganina hujjar ba ta da ƙwari.

'Yar Maraɗi:
Ku kuna ta sashe-sashe, mu da aka yanke wa wutar Najeriya aka rufe iyaka mun ji a jikinmu tun ba a harba harsashi ba. Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar taɓa su ne, majalisar dattawanku ma ta ƙi yarda da yaƙin. Barista, takunkumin da ya sa magani ya yi wuya a asibiti, shi wane sashe ya halasta shi?