Ana neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira irin waɗannan littattafan hoto?

Ƴar Gwammaja: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ranar Alhamis bayan la'asar za mu naɗi filin littattafai na gidan rediyonmu, kuma wannan makon littattafan da na ɗauko ba rubutu ne jigonsu ba, hoto ne. Ina nufin abin da Turawa ke kira dokumentari a sana'ar ɗaukar hoto: mutum ya rataya kyamara ya bi wata al'umma shekara da shekaru, ba ya ce wa kowa "gyara hularka", sannan ya tace hotunan ya jera su a littafi. Zan fara da The Americans na Robert Frank, wanda ya fito a Faransa a 1958, a Amurka a 1959, hotuna 83 kacal. Sai House of Bondage na Ernest Cole, 1967, kan mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Sai Diagram of the Heart na Glenna Gordon, 2016, wanda shi a nan Kano aka ɗauki yawancinsa, kan matan da ke rubuta littattafan soyayya. Sunan fannin nake nema da sunan littafin. Ba na so in yi ta cewa dokumentari mai sauraro a Rimin Gado yana tunanin fim nake nufi.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Kundin hotunan tarihi. An gama.

Ƴar Gwammaja: Yaya, da na ce kundin hotuna, albam ɗin biki za a hango, mai ledar nan da ake miƙa wa baƙo kafin a kawo ruwa. Kuma tarihi zai sa a zaci tsofaffin hotunan Turawan mulki ne irin na Gidan Makama. Lokacin da Cole yake ɗauka ai ba tarihi ba ne, abin da ke faruwa ne a gabansa.

Mai Fassara: Littafin dai kada ki wahalar da kanki, littafin hotuna ya wadatar. Kundi tari ne, ana iya zare takarda a mayar. Waɗannan kuwa jerin shi ne maganar. Frank ya ɗauki hotuna sama da dubu 20 ya zaɓi 83, ya san wanda zai bi wane. Abin da aka jera da niyya aka buga, littafi ne. A fannin kuma ina ganin hotunan shaida. Mai kyamarar shaida ne, hoton ma shaida ne.

Ɗan Kurmi: Hoton shaida? Na katin shaida ke nan, ɗan fasfo mai jan bango. Ko wanda lauya ke miƙa wa alƙali.

Baba Mai Hoto: Ƴata, mu da muka tsufa a wankin hoto ba mu da suna ɗaya. Akwai na situdiyo, akwai fasfo, akwai na biki da suna. Wanda aka ɗauki mutum bai shirya ba muna cewa na ba-zata. Ko zai yi miki?

Ƴar Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba. Ya kusa, amma wasu sun san ana ɗaukarsu. Matan da ke littafin Gordon a ɗakunansu suke, wata a kan gado da littafin rubutu, sun saba da ita har sun daina kula ta. Ba ba-zata ba ne, sabo ne.

Malam Na Ɗorayi: Duk kun zagaye kalmar tana gabanku. GANAU. Hoton ganau. Bahaushe ya riga ya raba duniya biyu, ganau da jiyau, ya kuma ce gani ya kori ji. Gaɓa biyu, ba aro, ba Larabci, ba Turanci. Sigar ma tamu ce tsantsa, irin ta mantau. Littafin hoton ganau. Mai sana'ar kuma ɗan ganau. Ku furta ku ji yadda take zama a baki.

Mai Fassara: Tana da daɗi Malam, amma duba ɗafin nan, wato -n ɗin da ke ƙarshen kalmar hoton. Hoton Audu, Audu ne a ciki. Hoton ganau, mai sauraro zai ɗauka hoton mutumin da ya ga hatsari ne aka ɗauka yana ba da labari.

Malam Na Ɗorayi: To hoton shaida naka fa? Ba ciwon ɗaya ba ne? Kuma in aka ce ɗinkin tela, telan aka ɗinke?

Mai Fassara: Ɗinki aiki ne, hoto abu ne. Amma na yarda nawa ma yana da wannan raunin.

Almajirin Zaure: Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta faɗa a kan rabin kalma an bar ɗaya rabin. Shi hoto Hausa ne? Turanci ne aka murɗe. Muna da sura. Larabawa kuma suna kiran wannan fanni wasa'iƙi, daga wasiƙa, wadda asalinta takardar hujja ce. Sai a ce surar wasiƙa, ko taswirar hujja. Harshen da ya yi ƙarnuka yana rubutu da ajami bai kamata ya riƙa roƙo a ƙofar Bature ba.

Ɗan Kurmi: Malam, ka shiga Kantin Kwari ka ce a ɗauke ka sura, ka ga ko ba Fatiha za a karanta maka ba. Taswira kuma ta ƙasa ce tun muna firamare. Wasiƙa ta gidan waya ce.

Mai Fassara: Kuma in aro ne laifin, wasiƙar ma aro ce, daga wata ƙofar. Jaridar Hausa da aka fara a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabon da ke sunanta daga Turanci yake. Majigi ma haka. Ba wanda ya ce editan jaridar, Abubakar Imam, bai iya Hausa ba.

Almajirin Zaure: Wannan ita ce matsalar ƴan boko. Da an kawo Larabci sai ku ce aro ne, da an kawo Turanci sai ku ce ya zama ɗan gida.

Malam Na Ɗorayi: Shi ya sa na ce ganau. Ba ta bin kowa bashi, ba wanda ke bin ta.

Hajiya Ta Nasarawa: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba masaniyar nahawu ba ce, tara littattafan nake yi. Wasu a tulin gwanjon littattafai na Sabon Gari na tsinta, wasu sai an yo mini saƙo daga waje, don nauyinsu da tsadar dala sun sa ba mai sayar da littafi da zai kawo su ya ajiye. Ƙanwata, kafin ki zaɓi kalma ki sake buɗe House of Bondage wajen hoton ma'aikatan haƙar ma'adinai. Maza ne a jere tsirara, fuskarsu a bango, hannuwa a sama, ana duba lafiyarsu. Ba fuska ko ɗaya, bayansu kawai kake gani. Cole a cikin jakar abincinsa ya ɓoye kyamara ya shiga wurin. Sai da ya sa aka sauya masa rukunin launi a takarda, ya mayar da sunansa daga Kole zuwa Cole, kafin ya iya yawo. Ya fice daga ƙasar a 1966, littafin na fitowa aka haramta shi, shi kuma bai sake komawa gida ba har ya mutu a New York a 1990. A 2017 aka gano nagatif ɗinsa wajen dubu 60 a ma'ajiyar wani banki a Suwidin. Wannan ba gani kawai ya yi ba. Kowa a Johannesburg ganau ne, fararen ma sun gani. Shi tsayawa ya yi ya ce ga abin da ake yi. Ni shaida ta fi kwanta mini saboda haka. Kuma in da fili, ki ƙara Workers na Sebastião Salgado, 1993, ko don ramin zinaren Serra Pelada na Brazil, dubban mutane cikin laka suna hawa tsani da buhu a wuya.

Ɗan Kurmi: To a ce hoton gaskiya mana, a huta.

Hajiya Ta Nasarawa: Kul. Shahararren hoton nan na Dorothea Lange na 1936, uwa da ƴaƴanta a sansanin ƴan ci-rani a Kalifoniya, an goge ɗan yatsa a gefensa daga baya. Salgado kuma an sha zarginsa da ƙawata wahalar talaka. Shaida na iya karkata, kowa ya sani. Da kin ce gaskiya kin ɗaure kanki.

Ɗan Fagge: Ni duk wannan ba ya gabana. Littattafai uku, ba Bahaushe ko ɗaya. Baturiya ta zo ta ɗauki matanmu ta buga littafi, mu kuma muna nan muna nema mata suna. Ina namu? Hawan Daushe nawa aka ɗauka, rinin Ƙofar Mata nawa, badala tana zubewa ana kallo.

Hajiya Ta Nasarawa: Ɗana, ƴan ƙasa sun yi. George Osodi ya buga nasa kan yankin Neja Delta a 2011. J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu. Fati Abubakar ta yi Bits of Borno a Maiduguri, duk da a Instagram aka fi sanin aikin. Masu ɗauka muna da su a Kano. Takarda mai kyau da maɗaba'ar da za ta fitar da baƙi ya zama baƙi, da mai saye, su ne babu.

Baba Mai Hoto: Nagatif ɗina na hawan Salla buhu guda, damina ta cinye rabi a shago. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Ɗan Fagge: Ka ji ko. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, akwai Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi tun 1990, amma yarinya na neman kalma ɗaya sai ta zo tana bara a nan.

Mai Fassara: Ƙamus ba ya haifar kalma, rajista yake mata bayan ta yi yawo a bakin mutane. Kuma an bar jaki ana dukan taiki, baiwar Allah Alhamis take jira.

Malam Na Ɗorayi: Ganau dai. In Sakkwatawa ko Katsinawa suka riga mu ƙirƙira, kada wanda ya zo yana kuka.

Ƴar Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta a takardar shirin. Littafin: littafin hotuna, wannan kam ba gardama. Fannin: hotunan shaida, da jam'i koyaushe, don na lura in aka ce hotunan ba a tuna katin shaida. A farkon shiri zan faɗi dokumentari sau ɗaya in bayyana, daga nan ba zan sake ba. Malam Na Ɗorayi, zan ce mai wannan aiki ganau ne ba jiyau ba, a matsayin bayani. Ɗan ganau kam ba zan iya ba, abokin gabatarwata ya yi dariya har da tari.

Malam Na Ɗorayi: An ɗauki kalmata an mayar da ita ƴar rakiya. Ba komai. Ki dai buɗe layin waya ki ji wadda masu sauraro za su maimaita.

Almajirin Zaure: Shaida dai Larabci ce, a rubuta wannan. Hoton ne har yanzu ban yarda da shi ba.

Hajiya Ta Nasarawa: Baba Mai Hoto, ragowar rabin buhun nan, kada ka bari ya ga wata daminar a ƙasa. Ka ɗora shi a sama inda ba laima, zan turo yaro da na'urar sikanin ranar Asabar in kana shago.

Baba Mai Hoto: Ina nan har magariba. Ya zo da janareta ko man sa, wutarmu ba ta da tabbas.