Dutsen da aka biya ni bashi da shi, don Allah a taimaka

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ina bin aminin Baba naira dubu ɗari huɗu, kuɗin siminti. Tare suka yi karatun allo, shi ya yi min walicci, ba yadda za a yi na kai shi ƙara. Makon jiya ya kawo min dutse kamar ɓarin kwakwa, cikinsa cike da ƙwayoyi shuɗi-shuɗi masu sheƙi, ya ce akwamarin ne, wani dutse mai daraja. Yana da nauyi sosai. Jiya na goga mukulli, sai ya yi zane, gari ya zubo. Bikin 'yata saura wata biyu. Nawa zai yi?

Ɗan duwatsu, Jos: Malam, yi haƙuri. Akwamarin ƙarfinsa 7.5 zuwa 8 a ma'aunin taurin duwatsu, shi ke yanka gilashi, mukulli ba ya taɓa shi. Naka selestin ne, ƙarfinsa 3 zuwa 3.5, daga Madagaska ake kawo irinsa. Ado ne na ɗaki, ba a sa shi a zobe. Ka daina goga shi, kuma kada ka bar shi a rana, launin dushewa yake.

Mahaƙi, Azara: Kada ka saurari dillali! Barait ne, nauyin ya nuna, masu haƙar mai ke saye. Haka suka yi min, suka ce kayana shara ne, suka kwashe tipa biyu a wulaƙance.

Ɗan duwatsu, Jos: Barait ai da tan ake sayar da shi, ƙwaya ɗaya me za ta kawo? Shekara ashirin ina wannan sana'a. Kai da hotonsa ma ba ka gani ba.

Wata baiwar Allah: Shi Ɗan duwatsun ma bai gani ba ai. Yaya, kai shi ɗakin gwajin ma'adinai na gwamnati a Kaduna. Wai a ina tsohon ya samo shi?

Mai tambaya: Hajiya, ban tambaye shi ba, da kunya. Baba Alhaji ba zai cuce ni ba, wataƙila mukullin ne mai kaifi. Ko akwai akwamarin mai laushi?

Ɗan duwatsu, Jos: Babu. Mayar masa tun da wuri.

Mai tambaya: Na riga na yaga takardar bashin a gabansa.