Wai alƙaluman nan za su iya ganin yaro irin lamba shidana?

Kocin Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Shekara tara ke nan ina riƙe da ƙungiyar yara 'yan ƙasa da 17 a Tudun Wadar Zariya, muna atisaye a filin wata firamare bayan la'asar. Makon jiya wani mutum ya zo daga Kaduna, ya ce yana neman yaran da za a kai gwaji. Muka haɗa wasa da wata ƙungiya daga Sabon Gari. Ya kalli rabin lokaci, ya ɗauki yara biyu, dukkansu masu yanka. Lamba shidana, wato ɗan tsakiya mai tsare gaban 'yan baya, ko kallo bai ishe shi ba.

Yaron nan kuwa shi ne ginshiƙin ƙungiyar. Ba ya ci, ba ya yanka, amma kafin a saki fasin ya riga ya tsaya inda ƙwallo za ta bi. Ranar da ba ya nan ruwan ƙwallaye ake mana. Da aka tashi daga wasan gwajin na hango shi a gindin dalbejiya yana kwance igiyar takalmi, bai ce da kowa uffan ba, ya zuba takalman a leda ya kama hanyar shagon waldar da yake koyon aiki. Abin ya tsaya min a rai har yau.

A gidan kallo kullum sai na ji ana cewa yanzu a Turai da kwamfuta ake sayen 'yan wasa, ina kuma ganin wani abu wai xG a ƙasan allo. Masana, yaya abin yake aiki? Zai iya amfanar yaro irin wannan, ko na masu kuɗi ne kawai?

Ɗalibin Ƙididdiga, Samaru

Wa alaikumus salam Koci. Bari in fara da xG ɗin. Ana ɗaukar kowane harin da aka kai raga a gwada shi da dubban irinsa da aka taɓa kaiwa: nisansa, kusurwar da aka buga, da ƙafa ne ko da ka, wane irin fasin ne ya kawo shi. Daga nan sai a ce cikin ɗari, guda nawa irinsa ke shiga. Fenariti yana kusan 0.76, wato kusan 76 cikin ɗari. Bugu daga nesa sosai kuwa ɗan kaɗan ne, shi ya sa za ka ga manyan ƙungiyoyi sun rage dukan nesa, sun fi son a kutsa har cikin da'ira a miƙo baya.

Bayanan iri biyu ne. Akwai waɗanda mutane ke zama gaban bidiyo suna rubutawa, kowane fasin da kowace ƙwata, aikin da kamfanin Opta yake yi tun 1996. Akwai kuma na kyamara. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, kyamarori 12 ne ke bin gaɓoɓi 29 na jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ita kanta ƙwallon da na'ura a cikinta tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Da ita aka nuna kan Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Portugal ta ci Uruguay ba, ta Bruno Fernandes ce.

Amma abin da ya shafi yaronka shi ne wannan: masu yanka da masu ci ba su taɓa buƙatar alƙaluma ba, ido na ganinsu. Wanda alƙaluma suka taimaka shi ne mai aikin da ba a tafa masa. Kanté yana Caen, alƙalumansa na ƙwace ƙwallo da tare fasin suna sahun gaba a Faransa, Leicester ta bibiye shi ta saye shi a 2015 kan abin da bai kai fam miliyan 6 ba, a 2016 suka ɗauki Firimiya. Brentford ma da wannan hanya mai ita, Matthew Benham, ya hau da ita Firimiya a 2021 bayan shekara 74 rabonta da babban rukuni. Sun sayi Ollie Watkins daga Exeter ƙasa da fam miliyan 2, suka sayar wa Aston Villa kan miliyan 28. A shekarar da suka hau suka ɗauki Frank Onyeka, ɗan tsakiya mai aikin wahala irin na yaronka, wanda ya bi ta FC Ebedei a nan gida zuwa Midtjylland ta Denmark.

Matsalarmu guda ce, Koci. Wasan da ba a ɗauka ba, a wurin kwamfuta ba a buga shi ba. Ka fara da abin da kake da shi: waya ɗaya a wuri mai tudu, littafi da biro a hannun yaran benci.

Tsohon Ɗan Baya, Kwarbai

Yaro ka yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma ni da na yi shekaru ina shan ƙura a fili, akwai abin da zan ƙara. Leicester ɗin da ta gano Kanté ita ce ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a 2016 da kuɗi masu yawa. Mutumin da ya ci 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, gudu kuwa ba a magana. Abin bai yi ba, sai da ya koma Rasha aro. A 2018 kuma ga shi ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya, duk muka fito titi. Ƙafar ɗaya ce, gudun ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne kocin da ya yarda da kai, da inda aka ajiye ka a fili, da kwanciyar hankali. Wannan wace na'ura ce ke auna shi?

Kuma ina jin zafin yadda ake hana yara gwada abu. Da yanzu Okocha ya taso, da an zaunar da shi gaban allo ana lissafa masa sau nawa ya zubar da ƙwallo. Koci, ka ƙirga, ban hana ka ba, amma ka fara zuwa shagon waldar nan ka zauna da yaron. Kar ya ajiye takalmi kafin littafinka ya cika.

'Yar Ƙwallon Kwando, Kongo

Baba ya yi gaskiya a kan zuwa wurin yaron. Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando, shi ne kuma shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. A waccan kakar ɗan wasansu Kawhi Leonard wasa 60 kawai ya buga cikin 82, saboda ana lura da nauyin da jikinsa ke ɗauka bayan raunin da ya yi fama da shi, ana hutar da shi tun kafin ya karye. Da aka zo wasannin ƙarshe shi ya ɗauki ƙungiyar.

Mu kuwa a gasar unguwa yaro sai ya buga wasa uku a kwana uku a kan ƙasa mai tauri kamar siminti, da hunturu. Ko rigar nan mai na'urar auna gudun ɗan wasa ba ku da ita, Koci, rubuta mintunan da kowa ya buga ba ya cin ko sisi.

Kocin Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na je shagon ranar Alhamis, na same shi yana goge ƙofa da injin gurza. Ogansa ya ba mu benci muka yi kusan awa ɗaya. Ya dawo atisaye.

Ranar Asabar na ba yara biyu littafi. Sau goma sha ɗaya ya ƙwace ko ya tare, wannan dama na sani. Abin da ban sani ba, duk ƙwallon da ya zubar, in ban da ɗaya, ta hagu aka matse shi. Shekara uku yana hannuna ban lura ba. Mun fara aiki a kan ƙafar hagun tun jiya.

Bidiyon ne ya ba mu matsala, wayata ta cika kafin hutun rabin lokaci. Ɗan'uwa na Samaru, in kana da sarari Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu, don Allah ka zo ka nuna wa yaran yadda ake tsara littafin, kuma in akwai mai wayar da za ta ɗauki minti casa'in ku taho tare.