Ina so karatun littafi ya zame mini jiki, da wanne zan fara?

Ƙanwarku daga Gusau: Assalamu alaikum. Tun da na gama sakandare ban sake karanta littafi har ƙarshe ba. Da na buɗe, kafin a jima hannuna ya koma kan waya, ko barci ya kwashe ni. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah ku da kuka saba, da wane littafi kuka fara?

Tsohon malamin firamare: Wa alaikumus salam, 'yata. Nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ki fara da littafi na ɗaya. Dalilina shi ne yadda aka gina shi. Aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri, saboda haka kowane labari gajere ne, yana ƙarewa kafin ki gaji. Labari guda bayan sallar isha'i ya wadatar. Lokacin da nake koyarwa, ranar Alhamis nakan karanta wa 'yan aji labari in tsaya a tsakiya da gangan. Yaran da ko allo ba sa son kallo su ke biyo ni har bakin keke suna roƙon aron littafin. Tun wajen 1937 aka fara buga shi, amma Hausarsa har yau garau take. Idan kin iso labarin Kalala da Kalalatu za ki yi dariya ke kaɗai a ɗaki.

Uwargida daga Kano: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ba ta nan na shigo ba. Littattafan soyayya ne suka koya mini zama da littafi, waɗanda mutane ke rainawa suna ce musu adabin kasuwar Kano. Haya muke karɓowa a wani shago a unguwarmu, bangon duk ya sha salatif, wani shafin ma da tabon manja. Dole ki gama da wuri don akwai masu jira. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino shi ya fara hana ni barci. Daga baya na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na ga yadda Rabi ta riƙe 'ya'yanta bayan mijinta ya kore ta saboda amarya. Wallahi na san mata irin Rabi a zahiri, shi ya sa na kasa ajiye shi. Ƙanwata, kada ki ji kunyar abin da ya ja hankalinki. Wanda ya ce sai kin fara da babban littafi na ilimi, so yake ki daina tun ba ki fara ba.

Mai shagon ɗinki: Ruwan Bagaja. Siriri ne, zama biyu ya ƙare, ga Malam Zurƙe da Alhaji Imam suna ta ƙulla wa juna tsiya. Gama littafi guda yana sa mutum ƙwarin gwiwa. Ni a aljihun tebur nake ajiye nawa, in an ɗauke wuta in jawo shi.

Ɗalibin jami'a: Hajiya, ina tare da ke, sai dai in ƙara abu ɗaya. Ni da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare na fara, saboda kowa na yabonsa. Littafi ne mai ƙarfi, amma yana da kauri, ga zubar da jini, bai dace da mai koyon zama ba. A bar shi sai an kama hanya. Wanda ya dawo da ni shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933 da aka shirya a Zariya, wadda Ruwan Bagaja da Ganɗoki ma suka fito daga cikinta. Inda uwar Umar ta kama hanyar hamada tana neman ɗanta da aka sace, nan na gane littafi zai iya sa namiji hawaye. Batun waya kuma, yayata, labaran da ake turowa kashi-kashi a WhatsApp karatu ne, amma saƙonni ba sa barin mutum ya nutsu. Ki sa ta caji a wani ɗakin kafin ki buɗe littafi.

Ƙanwarku daga Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayana ya ce yana da Ruwan Bagaja a cikin kayansa, da shi zan fara yau. Baba, Magana Jari Ce fa, ana samun littafi na ɗaya shi kaɗai, ko sai an haɗa duka ukun?

Tsohon malamin firamare: Daban-daban ake sayar da su, 'yata. Duba wajen masu sayar da littattafan makaranta, ki ce na NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, kike so.