Waɗanda aka kawo wa makaranta garinsu, me kuka gani?

Ɗan Sarkin Noma: Assalamu alaikum. Ana maganar kawo reshen wata kwaleji garinmu, filin da ake so kuwa gonakin mutane ne, har da tamu. Dattawa sun rabu biyu: wasu na cewa arziki ne ya biyo mu har gida, wasu na cewa gonar gado ba abin wasa ba ce. Ni aka ɗora wa in jiyo daga bakin waɗanda abin ya riga ya same su. Duk wanda ke zaune kusa da jami'a, kwaleji ko sakandaren kwana, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Acaɓan Kashere: Wa alaikumus salam. Ni a Kashere nake, ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe. Kafin a kafa jami'ar tarayya a 2011, in ba ranar kasuwa ba sai ka wuni a gindin bishiya kana kirga motocin da ke wucewa. Yanzu tun da sassafe ɗalibai ke tare ka, masu lacca ƙarfe takwas, masu zuwa tasha, masu ɗauko buhun garin kwaki da aka aiko musu daga gida. Amma in kana son sanin nauyin makaranta a gari, tambayi wanda ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022. Daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Mashin ɗin da nake ja ba nawa ba ne a lokacin, kullum sai na kai balas. Da abin ya ƙi, na mayar wa mai shi makulli na koma gona. Allah ya taimake ni damina ta shigo a tsakiya. Masu shayi, masu wanki da guga, masu cajin waya, kowa ya ji a jikinsa.

Maman Yara, Dutsin-Ma: Ɗan'uwa ka tuna mini da abin da ba na son tunawa. Mu nan makarantu biyu gare mu, jami'ar tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, to lokacin yajin aikin 'yan kwaleji ne suka riƙe mu da ɗan abin da ya samu. Sana'ata awara ce da ɗanwake, daga cikin gida. Da dare nake jiƙa waken suya, da asuba yaro ya kai inji a markaɗo, in tace, in ɗora a wuta, in zuba ruwan tsami ta haɗe, in matse a yanka a soya. Ku lissafa hannun da kuɗin ɗalibi ɗaya ke bi kafin ya kwana: matar ƙauye da ta kawo waken, mai inji, mai itace, mai man gyaɗa, mai kabeji da albasa, yarinyar da ke taya ni suya. Ina da littafin bashi kuma. Akwai yaran da ke ci har ƙarshen wata sai an turo musu su biya, kuma wallahi yawancinsu suna biya. Da wannan sana'a nake zubin adashe, da ita na yi wa babbar 'yata kayan ɗaki. Abin da na koya shi ne in ajiye na hutu tun ana zango, don ranar da suka gama jarrabawa, washegari layinmu sai ka ce an yi shara.

Tsohon Manomi: Yaro, kai da ka yi tambaya, saurara da kyau. Ba zan faɗi sunan garinmu ba, amma gonata tana cikin katangar wata makaranta yanzu. An biya diyya, ban ce ba a biya ba. Sai dai kuɗin diyya ba ya haihuwa. Wani ya ƙara aure, wani ya tafi Makka, wani ya sayi mashin, bayan shekara biyu duk muka koma awo a kasuwa, mu da muke cika rumbu. An yi mana alkawarin aiki da baki. Abin da 'ya'yanmu suka samu gadi ne da shara da yankan ciyawa, shi ma ta hannun ɗan kwangila, yau a biya gobe a ce a yi haƙuri. Kujerun ofis kuwa baƙi ne suka zo da takardunsu suka zauna. Ban ga laifinsu ba, mu ne ba mu sa namu a boko da wuri ba. Amma kada wanda ya ce maka kowa ne ke cin riba.

Ɗan Sarkin Noma: Allah ya ƙara girma, Baba. Da za a maimaita, me za ku yi dabam?

Tsohon Manomi: Da gona zan nema a madadin gona, ko da ta fi nisa. Kuma duk abin da aka yi alkawari a rubuta, hakimi ya sa hannu. Sannan a bar mana burtali. Katangar ta datse hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, rigimar da hakan ta haifar har yau ba ta mutu ba.

Birkila: Gaskiya Baba ya faɗa, amma bari in kawo ɗaya gefen. Ni magini ne a wajen Kafin Hausa. Tun da jihar Jigawa ta kafa jami'arta a can a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, cokalin ginina bai huta ba. Ɗakunan kwanan makaranta ba sa isa, don haka duk mai fili a kusa sai ya jera ɗakuna ya sa haya. Masu buga bulo, masu tifar yashi, kafintoci, masu walda, 'yan ga-ruwa, duk muna ciki. Yaran da da sai su tafi cirani Legas ko Fatakwal bayan girbi, yanzu da yawa suna leburanci a gida suna kwana a ɗakinsu. Inda abin ke cizo shi ne haya. Mai gida ya gwammace ɗalibai huɗu su haɗa kuɗin shekara su ba shi a dunƙule, da ya ba ango ɗan gari mai biya wata-wata. Fuloti ma ya fi ƙarfin talaka a bakin titi.

Direban Hanyar Wudil: A duba nisan garinku da birni. Wudil na da jami'a tun 2001, Bichi na da kwalejin ilimi ta tarayya, amma dukansu ba su da nisa da Kano. Ma'aikata da yawa a birni suke zaune, su zo da safe su koma da yamma. Mu direbobi mun ji daɗin hakan, sai dai albashin nasu a kasuwannin Kano ake kashe mafi yawansa. Garin da ya yi nisa, dole malami ya tare da iyalinsa, ya yi cefane a nan, ya sa 'ya'yansa a makarantar garin.

Malama 'Yar Gumel: Kowa na maganar ciniki, ni tawa dabam ce. Da na gama sakandare mahaifina ya ce ba inda zan je, ba Kano ba Zariya, 'ya mace ba ta kwana a garin da ba shi da ido. Abin da ya cece ni shi ne Kwalejin Ilimi ta Gumel tana kusa da ƙauyenmu, kuma ƙanwarsa na aure a cikin gari. A gidanta na zauna shekara uku na yi NCE, wato takardar shaidar malanta, duk Juma'a ina gida. Da lokacin koyon aikin koyarwa ya zo aka tura ni firamaren da na yi, na tarar babu malama mace ko ɗaya. Yanzu a nan nake aiki. Uwayen da ke cire 'ya'yansu mata a aji huɗu su ɗora musu talla, da ni suke magana ta kan katanga, don sun san gidanmu, sun san mijina. Ba duka nake shawo kansu ba, amma ajin shida na bana akwai 'yan mata fiye da lokacin da nake ɗaliba. Albashin ba yawa, kuma duk a garin yake ƙarewa: taki, hatsi, kuɗin ɗinki, gudummawar biki. Baba, jikokinku mata fa? Ko ɗaya ba ta shiga makarantar ba?

Tsohon Manomi: Biyu suna ciki, 'yata. Ɗaya ma kwamfuta take karanta. Wannan kam ban musa ba.

Mai Kiwo, Dambatta: Wace irin makaranta ce za a kawo, shi ma abin tambaya ne. Mu Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako ce a kusa da mu. Yaron maƙwabcina da ya karanta lafiyar dabbobi a can shi ke yi wa awakinmu allura kafin damina, shi ya nuna mini in daina haɗa sabuwar dabbar da na sayo a kasuwa da na gida sai ta yi kwanaki a ware. Tun daga nan asarar da mutuwar dabbobi ke jawo mini ta ragu. Makarantar da karatunta ya shafi abin da gari ke ci da shi, amfaninta ya fi saurin shiga gida.

Anti Asibiti: Haka yake a ɓangarenmu. A makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun na yi karatu, yanzu ina ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Da can namiji ne kaɗai a wurin, maza da yawa ba sa barin matansu su zo awo. Yanzu ranar awo benci ba ya isa. Na san wadda ke ɓoye kumburin ƙafa, na san wadda sai an bi ta gida. Wadda aka turo daga birni takan nemi canji cikin 'yan watanni, ni kuwa ina zan je, nan aka binne cibiyata.

Maman Yara, Dutsin-Ma: Anti, ƙaramar 'yata na aji biyar na sakandare, kuma aikin asibiti take so. Me ake nema?

Anti Asibiti: Hajiya, ta dage da darussan kimiyya. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Lissafi da kemistiri ne ke kayar da yawancin yaranmu, to tun yanzu a samo mata mai yi mata bita, ko cikin ɗaliban da ke cin awararki. Ku kuma ba sai kun zo Jigawa ba, akwai makarantar aikin lafiya a Kankiya, akwai ta ungozoma a Malumfashi. Ki riƙa sauraron sanarwar sayar da fom, don ba a daɗewa ake rufewa.