Kun sayi gidan farko? Ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar

Jama'a maganar abin da ya kamata a fara yi in an sayi gidan farko ta yi tsawo, bari in tattaro muku abin da aka faɗa.

1. Makullai. Ranar da aka miƙa maka gida ka canza su, ba ka san mutum nawa ke riƙe da safaya ba. Babu wanda ya musa.

2. Rufi kafin fenti, nan kusan kowa ya tsaya. In ka ga tabo ruwan ƙasa a silin ko fenti yana kumbura yana ɓarewa a gindin bango to ruwa ne ke shiga, kuma in ka shafe shi da sabon fenti ba ka toshe yoyon ba wallahi tabon zai dawo, kuɗinka sun tafi a banza. A duba gwata ma, ruwa ya riƙa gangarewa nesa da harsashin gini.

3. Wayarin da famfo. Soket mai zafi ko warin ƙuna, kashe wuta ka kira ma'aikaci, banda karambani. Ka kuma san inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya.

Inda aka rabu kuwa: wasu sun ce a gama tayil da fenti kafin a tare tunda ɗakuna ba kaya, wasu suka ce a'a, zauna shekara guda ka ga halin gidan tukuna. Ni dai na fi karkata ga na biyun, in ban da tayil, ƙurarsa ba daɗi.

Fasa bango don faɗaɗa falo ma an ja, amma har masu so sun yarda sai injiniya ya tabbatar ba shi ke ɗauke da nauyin rufi ba.