Tambaya kan abincin Kirsimeti

Ɗan Tudun Wada: Salam jama'a, maƙwabtanmu kiristoci duk 25 ga Disamba sai sun aiko mana shinkafa da kaza da cincin, wai addini ne ya ce a dafa ko al'ada ce kawai?

'Yar Wusasa: Al'ada ce yaya, ba dole. Mu tuwon shinkafa da miyar taushe mama ke yi har da waina, ana tasowa daga coci sai yara su ɗau kwanuka gida-gida kamar yadda kuke mana da sallah, ni rabon nan ya fi min komai daɗi.

Dattijon Sabon Gari: Gaskiyarki 'yata. Baba Kirsimeti ma ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, asalinsa bishop Nikolas ne na garin Mira a Turkiyya ta yanzu, mai taimakon talakawa a ɓoye.